Hamsta a Gonakin Halab: Halittarsa da Mazauninsa



Hamsta dabba ce ƙarama daga dangin ɓeraye, mai guntun wutsiya da jiki a dunƙule. Wanda ya san gafiya ya riga ya san babbar alamarsa, domin shi ma yana da jaka a kowane kunci, wadda yake cika wa da hatsi ya kai rami. Sai dai kamannin bai sa sun zama 'yan gida ɗaya ba; masana sun raba su zuriya daban-daban.

Nau'in da ya fi shahara shi ne na Siriya, mai launin zinariya. Mazauninsa ɗan yanki ne ƙwarai: filayen noma da ke kewaye da birnin Halab a arewacin Siriya, da kudancin Turkiyya kusa da kan iyaka. Ƙasa ce mai rani da zafi, da hunturu mai sanyi da ruwan sama. A can kowane hamsta yakan haƙa raminsa shi kaɗai, da ɗakin kwana da rumbun abinci, ba ya kuwa yarda wani ya raɓe shi sai lokacin barbara. Idan sanyi ya tsananta yakan toshe bakin ramin ya yi dogon barci. Macen takan haihu bayan kwana 16 kacal, wanda yana cikin mafi gajarta a dabbobi masu shayarwa.

George Waterhouse ne ya ba shi suna na kimiyya a Landan a 1839. A 1930 Israel Aharoni na Jami'ar Ibraniyawa ta Birnin Ƙudus ya tono uwa da 'ya'yanta a wata gona kusa da Halab, saboda ana bukatar su wajen binciken cutar kala-azar. Daga 'yan ƙalilan da suka rayu ne akasarin waɗanda ake kiwo a duniya suka fito.

Wannan tarihi yana da hatsari ga ilimi. Shekaru da yawa an ɗauka dabbar dare ce, domin haka take a keji. Amma binciken da aka buga a 2008, wanda aka yi a gonakin Turkiyya, ya nuna matan daji da rana suke fita kiwo, da safe da kuma yamma. Ashe halin keji ba shi ne halin daji ba.

Ga kuma matsalar ƙarewa. Garma ta zamani tana rusa ramukansa, manoma suna sa masa guba saboda ɓarnar hatsi. Ɗan'uwansa na Turai ma, a 2020 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Ga masu tsara harkar noma, abin lura shi ne yawan dabba a keji ba ya maye gurbin filin da ta rasa, kuma idan filin ya tafi, damar sanin ainihin halinta ta tafi tare da shi.

Allah ya sa a amfana.