JIRIN DA BA A JIRA DA SHI: BUGUN JINI A ƘARAMAR ƘWAƘWALWA

Ya 'yan'uwa, duk mun san ciwon shanyewar ɓarin jiki da alamominsa: baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu. To amma akwai wani nau'insa wanda sau da yawa ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa yake yi mana shigar sauri.

A can bayan kai, daidai saman ƙeya, akwai wani sashe da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa. Girmanta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma ita ce ke daidaita tsayuwa da tafiya, da kai loma baki, da motsin idanu da harshe. Jijiyoyin jini uku ne a kowane gefe suke ciyar da ita. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, ko kuwa ta fashe, nan take aikin ya rikice.

Alamominsa farat ɗaya suke zuwa: jiri mai tsanani, amai, ciwon ƙeya, tangaɗi kamar na mashayi, harɗewar harshe, rawar ƙwayar ido, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu. Mutum yana da ƙarfin ƙafafunsa, amma ya kasa tsayawa ko zama ba tare da an riƙe shi ba. A nan ne muke kuskure: wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, wani ya ce yunwa, wani ma ya ce iska ce ko sammu, har a kwashi mara lafiya zuwa wurin boka.

Babban sababinsa hawan jini ne. Sai ciwon suga, da shan taba, da maiƙon da ke cushe jijiyoyi, da rikicewar bugun zuciya, wadda ke haifar da gudan jini ya taso zuwa kai. Matasa ma ba su tsira ba, domin jijiyar wuya tana iya tsagewa ta ciki bayan haɗarin mota ko murɗe wuya da ƙarfi.

Me ya sa muke cewa kada a jira? Na farko, allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake yin ta. Na biyu, ɗakin da wannan sashe yake ƙuntatacce ne. Cikin 'yan kwanakin farko yana iya kumbura ya danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, sai wanda jiya yake hira yau ya kasa farkawa. Tiyata a kan lokaci tana ceton irin wannan.

Saboda haka, duk wanda jiri ya sara farat ɗaya har ya kasa tafiya, mu riƙe lokacin da abin ya fara, mu garzaya da shi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Mu kuma masu lafiya mu riƙa auna jininmu. Wanda nasa ke kai 140 bisa 90 ya ga likita, ya rage gishiri, kuma kada ya bar magani don ya ji sauƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mu baki ɗaya.