Muhawarar Halatta Tabar Wiwi: Matsayin Malamin Firamare

Jawabin da aka gabatar a taron reshe



An nemi in yi tsokaci kan muhawarar halatta tabar wiwi, wadda ta ƙara zafi tun 2019 lokacin da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Jihar Ondo ya yi kira da a bar manoma su noma ta domin magani. Hukumar NDLEA, a ƙarƙashin Buba Marwa, ta ce sam ba za ta saɓu ba.

Abin da ya dagula zancen shi ne 'yan siyasa sun zuba al'amura daban-daban a ƙwarya ɗaya. Noman wiwi don magani da masana'antu daban yake da sayar da ita ga mashaya. Ghana ta amince da noman irin da sinadarin sa maye a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, irin da ko an zuƙa ba ya bugarwa. Kanada kuwa a 2018 ta buɗe kasuwar ga duk baligi. Tailan ta sassauta dokarta a 2022, sai ga ta a 2025 ta mayar da ita ga masu takardar likita kawai.

Kasuwa irin ta Kanada ba na goyon bayanta. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Nijeriya, alhali tana haramce. Masu neman a halatta suna cewa za a hana yara saye. Mu da muke ganin ɗan aji huɗu ana aikensa sayen sigari a bakin titi, ba mai tambayar shekarunsa, mun san iyakar irin wannan alkawari. Ƙwaƙwalwar matashi kuma ba ta gama nuna sai ya kai kusan shekara 25, kuma wanda ya fara sha da wuri ya fi fuskantar haɗarin taɓin hankali.

Sai dai dokar da muke da ita ma tana buƙatar gyara, kuma a nan nake roƙon ku saurare ni da kunnen basira. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi. Yaron da ya bar hannunmu a aji shida, ya rasa sakandare, ya rasa sana'a, aka kama shi da ƙulli ɗaya, idan aka jefa shi gidan yari tare da dillalai, zai fito ne gwani a abin da ya shiga yana ɗan koyo. Fotugal tun 2001 ta daina ɗaure mai shan ɗan kaɗan, tana tura shi gaban kwamitin da zai duba ko yana buƙatar magani, amma dillali har gobe kurkuku yake zuwa.

Don haka ina ba da shawara reshenmu ya rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya, mu nemi a bambanta hukuncin mashayi da na dillali, a kuma ƙara cibiyoyin kula da masu shaye-shaye. Ina roƙon sakatare ya sa wannan cikin ajandar zama mai zuwa.