Fitilar Iskar Taya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasashen Wurno Da Rabah Da Goronyo

An shirya wannan jawabi ne a kan wata 'yar fitila mai launin ruwan ɗorawa wadda ta kan kama a gaban direba a cikin motocin zamani. Siffarta kamar ƙaramar tukunya ce mai buɗaɗɗen baki, da alamar motsin rai a tsakiyarta. Aikinta shi ne ta faɗa wa direba iskar taya ta ragu. Turawa su kan taƙaita sunan na'urar da ke kunna ta, su ce TPMS. Direbobi da yawa sun ɗauke ta abin damu kawai, har wasu su kan liƙe ta da baƙin tef don kada maigida ya gani ya yi tambaya. To, ya kamata kowane hakimi da malaminsa su san abin da fitilan nan ta ke faɗi, da kuma abin da ba ta iya faɗi, domin rayukan mutane ne a kan tayoyin nan.

A shekarar 1934, sa'ad da aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah, doki shi ne abin hawan yawancin hakimai in za su fita rangadi. A zamanin nan ba a ɗaura wa doki sirdi sai an duba kofatansa, gama an san dokin da ya yi ɗingishi a tsakiyar daji ya ɓata tafiya. Yau mota ta gaji doki, taya kuwa ita ce kofatonta. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Achida zuwa Goronyo, da wadda ta bi ta Rabah zuwa Gandi, duk hanyoyi ne da a ke bi da kaya masu nauyi, shinkafa da albasa da tafarnuwa daga fadamun Gulbin Rima. Ban da wannan, tun daga harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da wanda suka kai kasuwar Goronyo a 2021, kowa ya san lalacewar mota a daji da almuru ba ƙaramar magana ba ce.

Asalin Fitilar

Taya mai ƙarancin iska ta kan lanƙwashe fiye da kima ko da yaushe ta juya. Wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi a cikin roba. In aka haɗa da gudu, da nauyin kaya, da zafin kwalta, sai roba ta rabu da wayoyin da ke cikinta, taya ta fashe ba shiri. Abin da fashewar taya ke iya yi kuwa an gan shi ran 6 ga Maris, 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda tayar baya ta motar Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ta fashe, motar ta kife, ya rasu shi da matarsa da ɗansa.

A Amurka ne aka fara mai da na'uran nan tilas. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi wajen miliyan 6.5 daga hannun jama'a, bayan haɗurran da suka faru, yawanci da motoci ƙirar Ford Explorer, waɗanda daga baya aka ƙidaya mutum fiye da 200 da suka mutu a cikinsu. A wannan shekara majalisar ƙasar ta yi doka, kuma daga 1 ga Satumba, 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can sai da na'urar. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sawu daga Nuwamba, 2014. Da ya ke yawancin motocin da a ke kira 'yan Kwatano daga ƙasashen nan su ke fitowa, shi ya sa fitilar ta yawaita a motocin ƙasar Sakkwato.

Yadda Ta Ke Aiki

Na'urar iri biyu ce. Iri na fari shi ne wanda a ke sa wani ɗan ma'auni, wanda makanikai ke kira sensa, a cikin kowace taya, manne da gindin bawul. Shi ke auna iskar, ya aika wa kwamfutar mota labari ta hanyar rediyo. Yana da ɗan batir a cikinsa wanda aka rufe ruf, ba a buɗewa a sake shi. Iri na biyu ba shi da kome a cikin taya. Kwamfuta ce ke ƙidaya juyawar kowace ƙafa ta hanyar ma'aunan birkin nan na ABS. Tayar da iskarta ta ragu ta kan ɗan ƙanƙance, saboda haka ta kan fi 'yan'uwanta saurin juyawa, daga nan kwamfuta ta gane.

Maganar fitilar ita ma iri biyu ce, kuma lalle ne a rarrabe su. In ta kama ta tsaya cik, to, taya ɗaya ko fiye ta rasa iska. In kuwa aka tā da mota ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sa'an nan ta tsaya a kunne, to, na'urar ce kanta ta sami matsala, watau mai gadi ne ba shi da lafiya. Daga ran nan ba ta iya ba da wani labari a kan iska sai an gyara ta. Har wa yau, duk lokacin da aka murɗa makulli ta kan kama na ɗan lokaci tare da sauran fitilu, sa'an nan ta mutu. Wanda zai sayi mota ya lura da wannan: in ba ta kama ba ko kaɗan, ko dai motar ba ta da na'urar tun asali, ko kuwa wani ya kashe fitilar da gangan.

Abin Da Ba Ta Faɗi

Bisa dokar Amurka, ba a tilasta wa fitilar kamawa ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Misali, in maƙeran mota sun ce a sa awo 32 a geji, watau abin da a ke kira psi, fitilar na iya yin shiru har sai iska ta sauko 24. Taya mai 26 tana cin mai, gefunanta na cinyewa, tana kuma tara zafi, amma gaban direba shiru ka ke ji. Haka kuma yawancinsu ba su faɗin kome in iska ta yi yawa, ba su san tsufan taya ba, ba su kuwa ganin ƙullutu ko tsagewa a gefenta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan karin magana bai shafi tayar zamani ba, gama ta kan rasa iska mai yawa ido bai gane ba. Bugun ta da ƙarfe ko da ƙafa ma ba awo ba ne.

Dalilan Da Ke Sa Ta Ruɗa Direba

Na fari, sanyi. Iska ta kan ragu da kamar awo 1 in zafin gari ya sauka da digiri 5 ko 6. A lokacin hunturu, tayar da aka ba iska da rana tsaka tana iya rasa awo 2 ko 3 kafin asuba. Sai fitila ta kama da safe a Wurno, kafin a isa Sakkwato taya ta ɗumama, ta mutu. Direba ya ce ƙarya ta ke yi. Ba ƙarya ba ce: iskar dama tana bakin iyaka, ƙari ta ke bukata.

Na biyu, mutuwar batir. Batirin sensa ya kan yi shekara 5 zuwa 10. Motar da aka ƙera a 2010 ta wuce wannan wa'adi tun 2020, in ba a sake mata ba. In ɗaya ya mutu, sauran ma suna kan hanya. Magani shi ne a sake sensan ɗungum, sa'an nan makaniki mai na'urar binciken kwamfuta ya shigar da lambarsa, don motar ta san shi. A kula kuma, na motocin Amurka yawanci a kan zango 315 su ke magana, na Turai kuwa 433. In aka sa na wannan a waccan, ba za su ji juna ba.

Na uku, wurin faci. Mai faci da bai san akwai sensa ba yana iya karya shi da ƙarfen da ya ke ɓanɓare taya. In kuma aka zura tib a cikin tayar da ba ta tib ba ce, sai an cire bawul tare da sensansa. Ruwan nan mai danƙo da a ke ɗura wa taya don toshe huji shi ma yana iya toshe ƙofar sensa.

Na huɗu, safaya. Wasu manyan motoci suna da sensa har a cikin safaya. A kan auna tayoyi huɗu a same su daidai, fitila ta ƙi mutuwa, ashe ta biyar ce ke kuka.

Na biyar ya shafi iri na biyu. Duk sa'ad da aka ƙara iska ko aka sauya wa tayoyi wuri, sai an sake saita na'urar. In aka saita ta alhali iska ba ta cika ba, to, ta ɗauki ƙarancin nan shi ne daidai. Gargada da yashi su ma su kan rikita mata lissafi.

Abin Da A Ke Bukata Ga Hakimai Da Malamansu

Da fari, kowace motar hakimi ta kasance da gejinta na kanta, a ajiye a cikin mota. A auna tayoyi duka biyar sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Da safe za a yi awon, kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa 3. Adadin da za a bi shi ne wanda ke rubuce a jikin takardar da aka manna a bakin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da ta ke iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. In an auna bayan tafiya aka ga iska ta hau, kada a sace ta, gama za ta koma daidai in taya ta huce.

Na biyu, malamin hakimi ya buɗe littafi, kamar yadda ya ke riƙe da sauran littattafan ofis. Ya riƙa rubuta kwanan wata, da awon kowace taya, da sunan wanda ya auna, da halin da fitilar ke ciki. Ya kuma rubuta shekarun tayoyin: akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya, biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1519, watau an yi ta a mako na 15 na 2019. Tayar da littafi ya nuna tana raguwa kowane mako fiye da 'yan'uwanta, akwai ƙusa ko huji a jikinta, a gyara ta a gida kafin ta nuna halinta a hanya.

Na uku, a gargaɗi direba: in fitila ta kama a tafe, ya rage gudu, ya nemi gari mafi kusa ya auna. In taya ta fashe, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ya danne birki da ƙarfi. Kada kuma a tsauta masa don ya kawo labarin fitila, gama tsoron faɗa da tsoron kashe kuɗi su ke sa a liƙe ta. In sensa ya mutu, ba halin sakewa nan da nan, babu laifi a ci gaba da hawa, muddin an rubuta a littafi, an kuma ƙara himma wajen awo.

Daga ƙarshe, ana roƙon hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, da shugabannin direbobi a tasha, da masu faci na garuruwansu. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Fitilan nan ɗan aike ce: a saurare ta in ta yi magana, amma shirunta ba shaida ba ne cewa kome lafiya. Geji da littafi su ne shaida. Allah ya kiyaye hanya, amin.