Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama

Jama'a masu niyyar sauke farali, ga bayani. Tsakanin Kano da Jidda ta sama wajen mil 2,100 ne, watau kilomita 3,400. Mutanen dā sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, waɗansu su yi shekaru a hanya. Yau kuwa jirgi yakan ƙare tafiyar cikin sa'a 5 ko ƙasa da haka.

Amma fa agogon Jidda yana gaba da na Kano da sa'a 2. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe, zai sauka wajen ƙarfe 5 na yamma, alhali agogonsa yana cewa 3. In bai gyara shi ba, la'asar za ta ƙure masa yana tsammanin da sauran rana.