Ɗakin Kwanan Ɗalibai: Amanar Wa?

Ya ku 'yan'uwa iyayen yara na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

A shekarar 2008 tashar talabijin ta TNT a ƙasar Rasha ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Univer, labarin ɗaliban jami'a maza da mata da ke zaune a ɗakunan kwana na birnin Mosko. Soyayya ce da shashanci, karatu kuwa sai an lalubo shi. Su can dariya suke yi.

Mu ba mu da wannan sarari. A daren 11 ga Disamba, 2020, daga makarantar kwana ta Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara 'yan bindiga suka kora yaranmu fiye da 300 zuwa daji, sai bayan kwana shida aka sako su.

To, yau ga 'ya'yanmu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mata a ɗakunan Amina, maza a Ɗanfodiyo. Mu nawa ne muka taɓa taka ƙafa muka ga inda suke kwana? Wa ke gadon da ke kusa da na ɗanka? Wa ke tsaron ƙofa? Kuɗin makaranta muke aikawa, shi ke nan.

Kafin hutun zangon nan, kowane uba ya shiga motar Funtuwa ya je ya gani da idonsa.

Wassalam.