Amsoshin Wasiƙunku: Shin Da Gaske Ne Ana Yanka Tumbi Saboda Ƙiba?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Maraɗi. Ya ce ƙanensa da ke tuƙin tasi a birnin New York na Amurka ya aiko cewa bana ba zai samu aiko da kuɗin taki ba, wai yana tara kuɗin aikin tiyata na rage ƙiba. Alhaji yana tambaya: ana yin irin wannan aiki kuwa? In ana yi, ina amfanin inshorar da yaron yake biya duk wata?

To Alhaji, ana yi. Likitoci kan yanke kamar kashi 80 cikin 100 na tumbin mutum, su bar ɗan siriri mai siffar ayaba, ta yadda 'yar loma kaɗan za ta ƙosar da shi. Mu nan mun ɗauki teɓa alamar hutu ce, amma idan ta yi yawa takan jawo ciwon sukari, hawan jini da sarƙewar numfashi cikin barci.

Ba kowane mai ƙiba ne inshora ke biya wa ba. Akwai ma'aunin da ake kira BMI, mai gwada nauyi da tsawo. Ƙa'idar da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta shimfiɗa a 1991, wadda kamfanoni da dama ke bi har yau, ita ce ma'aunin ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta irin ciwon sukari. Ga misali: mai tsawon mita 1.70, sai ya kai wajen kilo 116, ko kilo 101 in yana da cutar. Wato ya ɗara buhun masara. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ƙa'idar, sai dai ba duk kamfanoni suka bi su ba.

Ko mutum ya cika awon, da sauran aiki. Sai likita ya nemi iznin kamfani a rubuce kafin a taɓa shi. Wasu kamfanonin kan ce sai ya yi wata 3 zuwa 6 yana rage cin abinci a ƙarƙashin kulawar likita, ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ya bar taba in yana sha. Wanda ya tsallake ganin likita na wata ɗaya, ana iya sa shi ya koma farko. Ni dai a ganina wani ɓangare na wannan jan rai ne kawai, don mai neman ya gaji ya haƙura.

Sai batun kuɗi. Inshorar Amurka ba ta ɗauke wa mutum dukkan kuɗin. Akwai kason farko da zai biya daga aljihunsa a kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu, kuma yakan kai dubban daloli. Bayan aiki kuma zai sha ƙwayoyin bitamin har iyakar rayuwarsa, ya kuma yi makonni bai hau mota ba. Direban tasi kuwa, ranar da bai fita ba, babu ko sisi. Saboda haka maganar ƙanenka tana kan hanya.

Abin da za ka faɗa masa: ya karɓi takardar sharuɗɗan inshorarsa ya duba ko an ambaci wannan aiki, domin wasu sun cire shi ƙarara, kuma in an cire, ƙorafi ba ya cika yin amfani. In kuwa yana ciki aka hana shi, dokar lafiya ta 2010 ta ba shi kwana 180 ya ɗaukaka ƙara wurin kamfanin, in suka sake ƙi, ya kai gaban masu duba na waje waɗanda hukuncinsu ya hau kan kamfanin. Ya tabbatar asibitin da likitan suna cikin jerin waɗanda kamfanin ke hulɗa da su. Idan samunsa ƙarami ne, ya bincika shirin gwamnati na Medicaid, wanda a jihar New York yake biyan wannan aiki ga wanda ya cika sharuɗɗa.

Takin bana kuwa, Alhaji, gara ka fara neman wata hanya tun kafin ruwa ya sauka. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.