Amsar Wasiƙunku: Yaron Da Ke Zare Karan Danga Yana Ƙera Mota

 Wasiƙarmu ta wannan mako daga Ruwan Bore ta fito, daga hannun wani magidanci da ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce yana da yaro ɗan shekara 9 wanda ba shi da aiki sai zare kara daga jikin danga yana ƙera mota. Ya yi faɗa, ya yi duka, ran nan har ya tattake motar, yaron ya kwana bai ci tuwo ba. Shi ne yake tambaya, ko ya sayo masa motar roba in ya shiga kasuwar Gusau, ko danga ta samu lafiya?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Da farko dai kana da gaskiya a kan danga. Kara yanzu kuɗi ne, da shi ake darni, da shi ake girki, dabbobi kuma suna jira. Amma tattake motar nan da ka yi, wallahi ban goyi bayanka ba.

Ka taɓa tsayawa ka dubi yadda ake yin ta? Yaro zai zaɓi kara miƙaƙƙe, ya feƙe ɓawon, ya ware totuwar. Totuwa ita ce katakonsa, ɓawon kuma shi ne ƙusarsa. Zai yanka guda huɗu tsawo ɗaya, don in ɗaya ya ɗara sauran, bodi ya karkace. Zai fafe taya daga sakaina ko tsohon silifa, ya huda ta a tsakiya cif, in ya kuskure kaɗan mota ta riƙa ɗingishi. Ya warware, ya sake. Babu wanda ya sa shi, babu bulala a kansa. Mu da muka yi kwas ɗin malanta, abin da aka yi ta fama da mu ke nan, yadda za mu sa ɗan aji 3 ya gane awo da ƙirga da siffofi. Kai ga shi naka yana yi a bayan rufewa kyauta, ka bi shi da duka!

Motar roba fa? An gama ta tun daga kamfani. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya tura ta kwana biyu, ran na uku ya fasa ya ga abin da ke ciki. Ba ɓarna ce ta sa shi ba, hannunsa ne ke neman aiki. Su kansu Turawa sun gane haka. A ƙasar Danmak akwai wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, wanda ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932. Kamfaninsa shi ne LEGO, wanda a 1958 ya yi rajistar wasu 'yan tubala na roba masu maƙale wa juna. Ba mota suke sayarwa ba, tubali suke sayarwa, yaro ya gina abin da ransa ke so, gobe ya rushe ya gina wani. Masana lissafi sun ƙirga cewa irin tubalan nan masu ƙulu takwas-takwas, guda 6 kacal, ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Iyaye a birane suna zuba kuɗi masu yawa su saya. Mu kuwa kowace kaka Allah na zubo mana namu a gona.

Kuma ba kara kaɗai ba. Wa bai yi shanun laka ba a cikinmu? Wa bai gina 'yar rufewa ya sa mata jinka ba? 'Yan mata suna ɗaure 'yar tsana, su yi mata ɗaki da gado da jeren kwanoni, su aurar da ita da guɗa, a nan suke koyon yadda ake biki. Ƙanana na kallon manya, wanda ya iya taya yana koya wa wanda ya iya bodi. In ka tambayi magina da masu walda da masu bodin mota, da yawansu nan za su ce maka suka faro.

Akwai kuma abin da nake so iyaye su lura da shi, ko da yake maganar ba daɗi. Abin da yaro ya gani shi yake ƙerawa. Mu a zamaninmu manyan motocin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta Tsafe da Kwatarkwashi, su muke kwaikwayo. Yau da idona na ga yara sun yi bindiga da kara sun rataya, sun rabu gida biyu suna harbin juna. Kowa ya san inda suka gano wannan, halin da jiharmu ta shiga ba ɓoyayye ba ne. Saboda haka Malam, yaron da har yanzu mota ce a ransa, kada ka zama kai ne za ka raba shi da ita.

Ga shawarata. In an yi girbi ka ware masa dami guda, ka ce wannan naka ne, danga kuwa haramiyarka ce. Ka yanka masa lokaci, bayan makarantar allo da ta boko da kiwo. Reza tana yanka, tsohuwa mai tsatsa kuma tana iya jawo ciwon da likitoci ke kira tetanus, don haka ka sayo masa sabuwa, ya riƙa aiki inda babba ke gani. Laka kuma kada a bar yara su tafi rafi ɗibarta su kaɗai a wannan yanayi, in za ka dawo daga fadama ka ɗebo masa a buhu.

Motar da ka tattake kuwa, bashi ce a kanka. Yau da la'asar ka kira shi, ka miƙa masa kara da hannunka, ka ce ya nuna maka yadda ake sa taya. In ya gama, ka rubuto mana taya nawa ya sa mata.